Jawabin Filin Kokowa: Wa Ake Yi Wa, Kuma da Wace Irin Hausa?

Gabatarwa

A Jamhuriyar Nijar babu wani taron wasa da ya kai gasar kokowar gargajiya ta ƙasa jan hankalin jama'a. Tun da aka soma ta a Tawa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountche, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, gasar take zagaya jihohi. A yau jihohi 8 ne ke kawo 'yan kokowa goma-goma, mutum 80 ke nan, su yi kusan kwana 10 suna karawa har a sami wanda bai faɗi ba. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa wasan kai tsaye, masu shayi da 'yan kasuwa da direbobin tasha duk kunnensu yana filin. Ko minista bai cika samun masu sauraro irin na ranar buɗewa da ranar rufewa ba.

Wannan taro na masu sauraro shi ne dalilin da ya sa jawabin da ake yi a filin ya cancanci nazari kamar yadda ake nazarin waƙa da karin magana. Ra'ayin da wannan rubutu yake karewa shi ne, mafi yawan jawaban da ake karantawa a wuraren wasanni da bukukuwan ba da lambar yabo ba su dace da wurin ba. Sun yi tsawo, Hausarsu ta aro ce, kuma suna mantawa da wanda ranar take tasa. Gyaransu kuwa ba ya buƙatar a je wata ƙasa neman dabara, domin filin da ake tsaye a cikinsa yana da fasahar magana da ta girmi takardar da ake karantawa.

Filin da Yake da Harshensa

Kafin kowane jami'i ya kama lasifika, filin kokowa ya riga ya cika da magana. Makaɗi yana da taken kowane gwani, kuma da jin kiɗan jama'a sun san wanda ake kira ko ba a ambaci sunansa ba. Ɗan kokowa yana fitowa da warkinsa da layunsa, ya tsaya gaban makaɗa ya yi kirari: ya faɗi garinsu, ya faɗi ubangidansa, ya lissafa waɗanda ya kayar, ya ƙalubalanci wanda ya ji zai iya. Maroƙi yana gefe yana cike masa gurbi. Kirarin duka bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba, amma filin yakan ɗauka da sowa.

Idan aka zauna aka warware kirari, za a ga yana da ƙa'idoji masu ƙarfi. Jimlolinsa gajeru ne, kowace tana ƙarewa kafin numfashi ya ƙare. Aikatau ne ke tafiyar da shi: na kama, na ɗaga, na kayar. Yana kiran sunaye na ainihi, na mutane da na garuruwa, kuma hotunan da yake zanawa daga rayuwar masu sauraro suke fitowa, kamar giwa da guguwa da kuka da rijiya. Sannan yana barin wuri domin jama'a su amsa. Haka dambe yake a ƙasar Sakkwato da kewaye, inda waƙoƙin Ɗan Anace suka sa sunan Shago ya wuce zamaninsa. A Nijar ma an san darajar suna, tun da aka raɗa wa filin kokowa na Maraɗi sunan Yakuba Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa.

Fada tana da nata tsarin wanda ya bambanta da na kirari, amma sun haɗu a kan taƙaitawa. Sarki ba ya yawan magana a bainar jama'a. Yakan faɗi kaɗan, cikin natsuwa, fadawa su amsa, sanƙira ya ɗaga murya ya isar. Girman mai magana a al'adar Bahaushe yana tafiya ne da ƙarancin kalmominsa. A ɓangaren addini ma, Imamu Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir hadisin da ke nuna cewa gajarta huɗuba da tsawaita salla alama ce ta fahimtar mutum. Mai dogon jawabi a filin wasa ba shi da mafaka a fada, ba shi da ita a masallaci.

Ciwo na Farko: Jerin Gaisuwa

Jawabin hukuma yakan buɗe da jerin manyan baƙi: shugaban ƙasa ko wakilinsa, ministoci, gwamnoni, magadan gari, manyan sojoji, sarakuna, malamai, jakadu, wakilan ƙungiyoyi. Laifin ba a gaisuwar yake ba, domin Bahaushe ba ya shiga zance bai yi sallama ba. Laifin yana cikin maimaici. Magajin gari zai karanta jerin, shugaban hukumar kokowa ya sake karanta shi, gwamna ya maimaita, minista ya rufe da shi. Mutum ɗaya sai a gaishe shi sau huɗu ko biyar cikin sa'a guda, alhali yana zaune a inuwar rumfa, 'yan kallo kuwa suna kan dakali tun hantsi, 'yan kokowa suna tsaye a jere jikinsu yana sanyi.

Akwai abin lura a yadda jerin yake ƙarewa. Bayan an gama da masu muƙami, sai a tattara dubban mutanen da suka cika filin a cikin kalmomi biyu ko uku, galibi fassarar gaisuwar Faransanci da ke cewa mata da maza. Wannan ba gaisuwar Hausa ba ce. Bahaushe yana cewa jama'a, ko iyaye da 'yan'uwa, ko ya kira mutane da sunan ƙasarsu: mutanen Adar, mutanen Gobir, mutanen Arewa, mutanen Damargu, mutanen Manga, mutanen Azbin. Wanda ya gaida filin da sunayen ƙasashen da suka cika shi zai ji amsa daga kowace kusurwa. Wanda ya ce mata da maza ba ya jin komai sai ƙarar lasifikarsa.

Ciwo na Biyu: Hausar Fassara

Shekaru da dama jawaban buɗe gasa da Faransanci ake rubuta su, sau da yawa kuma da shi ake karanta su, daga baya ɗan jarida ya taƙaita da Hausa da Zabarmanci. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki zai sa jawabi da Hausa ya ƙaru a wuraren taro. Sai dai haɗarin da ke tafe shi ne a ci gaba da tunani da Faransanci, a rubuta da shi, a miƙa wa mai fassara da daddare, da safe a karanta wani abu mai kalmomin Hausa da ƙashin bayan wani harshe.

Alamomin irin wannan Hausa ba su da wuyar ganewa. Ta farko ita ce neman izinin da ba a buƙata, kamar mai jawabi ya ce a ba shi dama ya bayyana farin cikinsa, alhali lasifika tana hannunsa kuma babu mai hana shi. Ta biyu ita ce jimlar da ke cewa ba zai iya kammala jawabinsa ba ba tare da ya gode wa wane ba, wadda ta tara korewa biyu a wurin da Bahaushe zai ce madalla da wane, ko Allah ya saka wa wane. Ta uku, wadda ta fi yin ɓarna, ita ce tara sunayen aiki a kan juna har aikatau ya ɓace. Misalin irin jimlar shi ne: “Gudanar da wannan gasa na shiga cikin tsarin aiwatar da manufar ƙarfafa haɗin kan ƙasa.” Kowace kalma a nan Hausa ce, amma babu tsohon da zai faɗe ta a bakin kasuwa, kuma babu wanda zai iya maimaita ta bayan an tashi. Ma'anar tana iya fitowa haka: “Yau kokowa ta zaunar da Bazabarme da Bahaushe da Buzu da Bafulatani a inuwa ɗaya.” Jimla ta biyu tana da mai aiki, tana da aiki, tana da hoton da mai sauraro zai waiga ya gani da idonsa.

Bambancin ya samo asali ne daga ginin harsunan biyu. Faransancin ofis yana son jimla mai rassa, wadda ke riƙe babban aikatau har ƙarshe. Hausar baka tana jera gajerun jimloli, tana ɗaure su da sai da kuma da har da domin, kowace tana ɗauke da aikinta. Rubutu yana jure wa doguwar jimla saboda mai karatu zai iya komawa baya. Mai sauraro a fili, ga iska ga kiɗa ga hayaniyar masu talla, ba shi da wannan dama. Abin da bai kama ba a karon farko ya wuce ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma a filin kokowa ake fi ganin hakan.

Ciwo na Uku: Mantawa da Mai Rana

Jawabin rufe gasa ko na miƙa lambar yabo yana da aiki guda da ya fi kowane: ya faɗa wa jama'a dalilin da ya sa wannan mutum ya cancanci abin da ake ba shi. Abin da aka fi ji kuwa shi ne lissafin ayyukan hukuma, filayen da aka gyara da hanyoyin da aka shimfiɗa da alkawuran baɗi. Sunan gwanin yakan zo a layin ƙarshe, kamar an tuna da shi ne a bakin ƙofa. Ana naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi, amma ba a ba shi labarinsa.

Labarin kuwa yana nan ga mai son nema. Lokacin da Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, abin da ya kamata yaro mai sauraron rediyo ya ji shi ne abin da ake nufi da mutum ya shiga tsakanin gwanaye 80 ya fita bayansa bai taɓa ƙasa ba, kuma ya maimaita hakan har sau 6. Haka yake a sauran wasanni. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a gasar Olamfik ta Munik a 1972, ƙasar kuma ta jira shekara 44 kafin Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo lambar azurfa a wasan tekwando a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Mai jawabin da ya haɗa waɗannan shekaru biyu a jimla ɗaya ya gama yabo, ba ya buƙatar tarin sifofi. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon da ba shi da hujja roƙo ne, kuma maroƙa sun fi jami'ai iya shi.

Akwai kuma wanda aka kayar a karawar ƙarshe. Shi ma kwana da kwanaki ya yi bai faɗi ba, sai a cikin ƙiftawar ido ya rasa takobi a gaban ƙasa duka. Jimla ɗaya ta girmamawa daga bakin babban baƙo tana iya sanyaya zuciyar jiha guda, ta rage zafin da magoya baya kan koma gida da shi. Jawabin da ke kiran haɗin kan ƙasa sau goma amma bai ambaci sunan wanda ya zo na biyu ba ya bar aikin haɗin kan a inda ya fi sauƙin yi.

Uzurin Masu Jawabi

Masu rubuta wa manya jawabi suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa tsallake sunan wani babba a jerin gaisuwa yana iya jawo fushin da zai daɗe, musamman tsakanin masu sarauta. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne a yi cikakken jerin sau ɗaya, daga bakin mai gabatarwa, wanda shi ne sanƙiran zamani, sauran masu magana su gaida shugaban taro da sarkin gari su wuce. Da zarar an san wannan ita ce ƙa'ida, babu wanda zai ɗauki rashin maimaita sunansa a matsayin raini.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Nijar ƙasa ce mai harsuna da yawa, akwai Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci da Tubanci da Gurmanci da Larabci, kuma wasu na ganin Faransanci ya fi zama tsaka-tsaki tunda ba na kowa ba ne. Amsa ita ce harshen da mafi yawan 'yan kallo ba sa ji bai daidaita kowa ba sai a rashin fahimta. Amma hujjar tana ɗauke da gargaɗi ga masu Hausa: matsayin da kundin 2025 ya ba harshen amana ce, kuma filin kokowa wuri ne da za a ga yadda aka riƙe ta. Idan gasar ta sauka a Doso ko Tilaberi, ya dace a ji Zabarmanci daga dandamali. Idan ta sauka a Difa a ji Barbarci, a Agadas a ji Buzanci. Gajeren jawabi ne kaɗai zai bar lokacin yin haka, don haka taƙaitawa ita ce ke buɗe wa sauran harsuna ƙofa.

Hujja ta uku ita ce minista ba ɗan kokowa ba ne, bai kamata ya yi kirari ba. Wannan ma haka ne. Abin da ake nema ya ɗauka daga kirari shi ne gininsa: gajeriyar jimla, suna na ainihi, hoto daga rayuwar mutane, da sanin lokacin tsayawa. Alfaharin kuwa ya bar wa masu warki.

Abin da Aka Gani a Wasu Wurare

Manyan tarukan duniya sun daɗe da gane cewa mai muƙami, in aka bar shi da lasifika, ba ya saurin sakinta. A bikin buɗe gasar Olamfik, dokar gasar ta tsara wa shugaban ƙasar da ke karɓar baƙi jimla ɗaya tak da zai faɗa ya ayyana buɗewa, ba ya ƙara komai. A bikin ba da kyautar finafinai ta Oska a Amurka, daƙiƙa 45 ake ware wa wanda ya ci, in ya zarce kiɗa ya tashi ya rufe muryarsa.

Jawabin wasa da Afirka ta Yamma ta fi tunawa ma ba a kan dandamali aka yi shi ba. Ranar 8 ga Oktoba 2005, bayan Kwadibuwa ta doke Sudan da ci 3 da 1 a Umdurman ta sami gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko, Didier Drogba ya karɓi makirufo a ɗakin sauya kaya, 'yan wasan Kudu da na Arewa suna kewaye da shi. Ƙasarsu tana rabe biyu tun yaƙin da ya ɓarke a 2002. Ya roƙi 'yan ƙasar su yafe wa juna, su ajiye makamai, su shirya zaɓe, 'yan wasan suka durƙusa gaban kyamara. Maganar ba ita kaɗai ta kawo sulhu ba, amma har yau ana ambatonta, alhali jawaban ministocin wannan shekara babu mai iya kawo layi ɗaya daga cikinsu. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ta fito daga bakin wanda ya yi gumi, ta nufi mutane sanannu, kuma buƙata ɗaya ta ɗauka.

Bakin Wanda Ya Ci

Wannan ya kawo zance kan mai karɓar kyauta. Sau da yawa sabon sarkin kokowa ba ya samun lasifikar dandamali, sai dai ɗan jarida ya tare shi yana haki ya tambaye shi yadda yake ji. Mutumin da ya iya tsayawa gaban makaɗa ya girgiza fili da kirari ba za a ce bai iya magana ba. Ya kamata tsarin biki ya ware masa minti biyu, da harshen da ya ga dama. A Disamba 2024, lokacin da Ademola Lookman ya karɓi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a Marakesh, 'yan kalmomin Yarabanci da ya faɗa su ne suka fi yawo a bakin mutane washegari.

Shi ma mai karɓa akwai abin da ake bin sa. Godiya ga Allah da iyaye ita ce mabuɗi a al'ada, kuma babu mai neman a cire ta. Bayan ta, sunaye biyu ko uku sun isa: wanda ya fara koya masa kamu a dandalin ƙauye, abokan atisaye da suka ba da jikinsu, da abokin karawar da ya kayar. Jera sunayen masu kuɗin da suka yi alkawarin kyauta yana mayar da sarki maroƙi a ranar naɗinsa. Wannan ƙa'ida ta shafi marubuciyar da ta ci gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya soma a 2016, ta shafi ɗalibin da ya zo na ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani, ta shafi ɗan wasan fim. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk wanda ya kai zagayen ƙarshe ya kamata ya riga ya san abin da zai faɗa in ya ci, da abin da zai faɗa in an kayar da shi.

Kammalawa

Gyaran da ake nema ba ya cin kuɗi. A rage masu jawabi zuwa biyu ko uku, a yanka wa kowa minti 3 zuwa 5. A rubuta jawabin da Hausa tun daga farko, a karanta shi da ƙarfi a gaban wanda bai yi boko ba kafin ranar taro, duk jimlar da ya ce a maimaita masa a sake gina ta. A nemi tarihin gwanin da na wanda ya kayar kafin a nemi lissafin ayyukan ofis. A bar wa harshen jihar da ta karɓi baƙi wurinsa, a bar wa mai takobi nasa.

Sassan nazarin harsuna na jami'o'in Yamai da Damagaram da takwarorinsu na Kano da Sakkwato da Zariya suna da rawar takawa a nan. An yi nazarin kirari da take da waƙoƙin maza sosai a matsayin adabin baka, amma jawabin taro bai sami irin wannan kulawa ba, alhali shi ne nau'in maganar da ɗalibi zai fi buƙata in ya zama hakimi ko shugaban makaranta ko kakakin hukuma. Ɗaukar jawaban gasa guda ɗaya a faifai, a rubuta su, a auna tsawon jimlolinsu da na kirarin da aka yi a fili ɗaya a rana ɗaya, aiki ne da ya isa kundin digiri, kuma sakamakonsa zai amfani masu rubuta wa manya jawabi. Yaran da ke manne da rediyo a Tasawa da Birnin Ƙonni da Mirya suna koyon yadda ake Hausar taro ne daga abin da suke ji a irin waɗannan ranaku, kuma abin da aka karanta musu bana shi za su karanta wa wasu nan da shekara 20.